Yadda Malam Karkatau Ya Sami Rawani

Duk faɗin ƙasar nan, daga Birnin Kudu har Gwaram, in ana zancen mutanen da Allah ya yi wa baiwa har ta yi musu yawa, to da Malam Badaru Sada ake farawa. In an ambace shi sai a dakata a sha ruwa, don na biyun yana da nisa. Wanda bai yarda ba ya je ya tambayi Malam Badaru da kansa. Zai yi masa bayani tun daga hantsi har la'asar, bai gaji ba.

Aikinsa duba makarantun firamare. Amma wannan, in ji shi, rufin asiri ne kawai kafin ƙasa ta farga da irin mutumin da take da shi. A shekarun da kuɗin mai suka fara ambaliya, lokacin da duk mai tebur a ofis ake ɗauka a jefa a jirgi a ce ya tafi kwas, shi ma rabonsa ya tsaga. Aka tura shi Ingila na 'yan watanni ya koyo yadda ake jera bencuna a aji. Abokan tafiyarsa suka dawo da rediyo da agogo da kwat. Namu kuwa ya sauko da wani baƙin akwati mai ƙugu, ya rungume shi kamar jaririn da ba a yi wa suna ba. Aka taru a ƙofar gidansu a Kafin Marke, aka buɗe. Sai ga goge. Goge dai, sai dai yana ta ƙyalli, kuma tsirkiyarsa huɗu.

Wani dattijo ya leƙa ya ce, "Au, ashe Turawa ma suna goge?"

Ai kuwa ya janyo wa kansa. Malam Badaru ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya.

"Baba, a gyara harshe. Wannan sunansa bayolin. Goge ƙwarya ce da fatar guza da izgar doki, kayan maroƙa masu bin gidajen biki. Wannan kuwa kayan ilimi ne. A Ingila sai mutum ya yi wanka ya sa kwat kafin a bar shi ya saurare shi, kuma ko tari ne ya taso masa sai ya haɗiye abinsa."

Shi wannan abu ba a cinya ake ɗora shi ba, a ƙarƙashin haɓa ake maƙale shi, a karkata wuya. To, Malam ya karkata wuyan nan bai sake miƙe shi ba. A kasuwa a karkace, a cikin motarsa Bosuwaja a karkace, wajen gaisuwar mutuwa ma a karkace, don kowa ya san ba da talaka yake magana ba. Kafin damina ta wuce sunan Badaru ya ɓace, ya koma Malam Karkatau. Har wani baƙin tabo katakon ya yi masa a gindin muƙamuƙi, wanda yakan ja wuyan riga ya nuna wa baƙi, wai shaidar manyan makaɗan duniya ce. Matan unguwa suka yi ta aiko wa matarsa Safiyatu maganin ƙyasfi.

Kada a ɗauka kiɗan ne ya dame shi. Abin da ke hana Malam Karkatau sakat shi ne rawani. Dagacin Kafin Marke, wanda mu muke kira Sarki, yana da sarautar Ɗan Masani a ajiye tun da mai ita ya rasu, kuma mai wannan sarauta a cikin zauren fada yake zama, kan darduma, dab da Sarki. Malam ya sa wa darduman nan ido har ya rame. Sai dai ba shi kaɗai ke so ba. Akwai Alhaji Maikuɗi ɗan kwangila, wanda ke haƙa garin yana binne bututun famfo, shi ma yana kai gaisuwa fada safe da yamma.

In aka ambaci Alhajin, sai Malam ya yi wata dariya ta hanci. "Mutumin da ke sa hannu da dangwale? Ɗan Masani fa aka ce. Ku bari Sarki ya ga abin da ke cikin kan nan tukuna."

Abin da ke cikin kan kuwa, tirƙashi! Wai zai ɗaura wa kaɗe-kaɗe huɗu aure. Na farko kiɗan manyan Turawa, wanda yake kira kiɗan ilimi. Na biyu jaz na baƙaƙen Amurka. Na uku wani kiɗa mai sauri na mutanen ƙauyen Amurka masu faffaɗar hula, da ya zo da faifansa yana sawa a garmaho. Na huɗu kuma namu na gida, wanda ya ce zai wanke shi ya sa masa riga. Ya raɗa wa abin suna Sabon Tafarki. Mutanen gari suka ce haɗin gambiza, kuma nasu sunan ne ya bi gari.

Ya nemo ma'aikata. Ya ɗauko Dabo mai goge daga Fagam, da Sabo mai kalangu, da Abu mai ƙwarya. Duk Asabar sai ya kulle su a wani aji, ya ɗora su kan kujeru, ya ɗaura wa kowa ɗan baƙin ƙyalle a maƙogwaro irin na masu kai abinci a otal, a kan babbar riga. Ya jera musu takardu masu zane-zanen ɗigo a gabansu, alhali ya san ko baƙi ɗaya ba su gani a ciki. Shi Abu ma da tasa takardar yake fifita.

"Ku saurara da kyau," in ji Malam, yana buga allo da sandar gogensa. "Daga yau ku ba maroƙa ba ne. Ba kiran sunan kowa, ba kirari, ba kallon aljihun mutane. Kai Sabo, hannunka ya cika rawar kai, kada ka taɓa fatar nan sai na ɗaga gira. Kai kuma Dabo, gogenka ɗan rakiya ne. Bayolin na magana, goge ya yi shiru."

Suka ce, "To, ranka ya daɗe." Me zai sa su yi musu? Ana ɗauko su a mota, a mai da su a mota, ga shinkafar Safiyatu da miya har da nama. Da ya ce su ɗaura ƙyallen a ƙafa ma da sun ɗaura.

Gaskiyar da ba a faɗa a gabansa ita ce, kiɗan ilimin nan 'yan kaɗan ya iya, su ma rabi-rabi. Yakan taho tiryan-tiryan, sai ya ɓace hanya a tsakiya, ya yi ta lalube sama da ƙasa. Duk inda ya ɓace kuwa, sai ya buɗe ido ya ce, "Wannan shi ne jaz." Wallahi ban taɓa ganin mutumin da ya sami mafaka irin wadda Malam ya samu a jaz ba.

Gwaram aka fara kai wa wannan alheri, ranar kasuwa da yamma, a wani babban aji. Jama'a suka cika wurin maƙil, don an ce za a yi goge kuma kyauta ne. Malam ya fito cikin kwat mai jela, gumi na bin wuyansa, ya kafa dokoki.

"Ba tafi sai na sunkuya. Ba guɗa. Ba rawa. Mai goyo ta fita waje. Abin da za ku ji yanzu, kakanninku ba su ji shi ba, saboda haka ku natsu."

Ya lumshe ido, ya ja. Wani siririn sauti ya fito, ya yi sama, ya sauko, ya sake yin sama. Mutanen Gwaram akwai haƙuri. Suka yi tsit suna jira, a zatonsu tsirkiya yake gyarawa. Da abin ya ƙi ƙarewa, wani mahauci daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Malam, in ka gama gyaran a fara mana, na bar nama a rana." Wata tsohuwa ta taɓa ta kusa da ita tana tambaya ko rasuwa aka yi a gidan su mai kwat. Da ya kai ƙarshe ya sunkuya har ƙasa yana jiran tafi, mutum biyu daga layin gaba suka durƙusa suna taya shi neman abin da ya yar.

Sai aka shiga gambizar. Ya ɗauko kiɗan mutanen ƙauyen Amurka, mai gudu, ya ɗaga wa Sabo gira. Kalangu ya cafke. Dabo ya shigo ta ƙasa, Abu ya saki ƙwarya. Kai, nan take wurin ya motsa. Ƙafafu suka fara buga ƙasa, wata ta rangaɗa guɗa, mahaucin nan ya miƙe yana juyi da wuƙarsa a ƙugu. Karo na farko ke nan da wani ɗan Adam ya ji daɗin abin da ya fito daga hannun Malam Karkatau. Shi kuwa sai ya tsaya cak.

"Ku zauna! Wannan ba gidan biki ba ne! Nazari ake yi!"

Suka zauna. Can kuma suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka koma cin kasuwarsu. A hanyar dawowa ya shaida wa su Dabo cewa Gwaram ba ta isa jin wannan kiɗa ba sai wani ƙarni.

Bai karaya ba, don ba Gwaram ce ke naɗa Ɗan Masani ba. Ranar buɗe famfon Kafin Marke na matsowa, za a yi taro gaban Sarki, Alhaji Maikuɗi zai sha yabo. Malam ya ƙudura sai ya ƙwace ranar. Ya sa Dabo ya koya masa taken Sarki, wato kiɗan da ake yi wa gidan sarautarsu kaɗai tun kakanni, wanda ko daga bayan gari aka jiyo an san da wa ake. Ya ce zai zuba shi cikin Sabon Tafarki, Sarki ya ji yadda ilimi ke gyara gado.

Labari ya kai kunnen Gwaggo Mero, ƙanwar mahaifinsa. Ta aika aka kira shi, ya same ta a tsakar gida tana tsince wake.

"Badaru, wai da gaske ne za ka kaɗa wa Sarki takensa a bainar jama'a?"

"Nazarinsa zan yi, Gwaggo."

"Ubanka a cikin zaure yake zama da carbinsa, Sarki na tambayarsa yana ba da amsa. Mai kaɗa take a ƙofa yake tsayawa. Mu ba mu gaji roƙo ba. Ka yi ta goge-gogenka a ɗaki, ba wanda ya hana ka, amma kada ka tsaya gaban Sarki da abin nan a wuya."

Ya yi murmushin tausayi. "Gwaggo, zamani ya wuce ku. A Ingila wanda ya yi wa Sarauniya kiɗa, takobi take ɗora masa a kafaɗa, ya durƙusa talaka ya miƙe babban mutum. Abin da ke hannuna ba irin na su Dabo ba ne. Kowa ya gani ya san da bambanci."

"To, Allah ya sa Sarki ya je Ingila kafin ranar," in ji ta. Ta ja tsaki ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ranar ta zo. Aka kafa rumfa a ƙofar fada, Sarki ya zauna, gari ya taru. Alhaji Maikuɗi ya murɗa kan famfo, famfon ya yi ta tari kafin ya tofo wani jan ruwa, aka yi tafi. Sannan aka ce Malam Badaru zai gabatar da nasa. Ya fara da kiɗan ilimi kamar kullum. Sarki, dattijo mai kunya, ya daure ya daure, har rawaninsa ya fara rinjayar kansa.

Sai Malam ya juya ya shiga taken.

Ni dai ba na ƙaunar mutumin nan, kowa ya sani, amma ba zan yi masa ƙarya ba. Abin ya yi daɗi. Tsirkiyoyin nan huɗu suka ba tsohon kiɗan wani kauri da ba a san shi da shi ba. In bayolin ya kira, gogen Dabo ya amsa. A tsakiya Malam ya ɓace hanya yadda ya saba, ya yi ta yawo a jaz ɗinsa, sai Allah ya taimake shi ya faɗo daidai inda kalangun Sabo ke jiran sa, kamar da gangan. Sarki ya farka. Rabonsa da jin taken gidansu a goge tun da mai gogen fada ya bi kuɗi ya koma otal-otal na Kano, ya bar fadar ba mai goge. Dattijo ya gyara zama, ya kai hannun riga ido. Mata suka ɓarke da guɗa, wannan karon kuwa Malam bai ce a yi shiru ba. Daɗin guɗar ya ɗebe shi. Ya fara takawa yana kiɗa, yana matsawa, har ya isa gaban Sarki, ya dire gwiwa ɗaya a ƙasa yadda ya gani a silima.

Sarki ya tuɓe rigarsa ta sama, ya yafa masa a kan kwat.

Ko yaron goye a Kafin Marke ya san ma'anar rigar da sarki ya cire daga jikinsa ya ba mutumin da ke riƙe da abin kiɗa. Mutum ɗaya ne a filin nan bai sani ba, shi ne mai ilimin cikinmu. Shi a wurinsa takobin Sarauniya ne ya sauka.

Washegari Sarkin Fada ya yi sallama a gidansa. "Malam, Sarki ya ce a gaishe ka. Ya ce ka shirya, ranar Juma'a za a naɗa ka sarautar..."

"Na sani, na sani, Sarkin Fada. Abin da ya kamata a yi tun tuni ne."

"To ai ban faɗi wacce ba."

"Ba sai ka wahalar da bakinka ba. Sarauta nawa ce ta dace da ni a garin nan?"

Sarkin Fada ya dube shi, ya dubi wuyan, ya ce, "Haka ne kuma." Ya sa takalmansa ya tafi.

Kai, an ga shiri! Malam ya sayi sa. Ya gayyato manyan ofishinsu daga Birnin Kudu, da shugabannin makarantun da yake dubawa har na Maruta da Yalwan Damai, da abokan kwas ɗinsa daga Kano. Ya tsara jawabin da zai yi kan matsayin ilimi a sarautun gargajiya, ya yi ta gwada shi a kan Safiyatu har ta haddace. Gwaggo Mero ta ce ƙafarta na ciwo, ba za ta samu zuwa ba.

Ranar Juma'a da hantsi fada ta cika. Malam ya iso cikin rigar da Sarki ya ba shi, Abu na biye da shi da baƙin akwatin, don an aiko cewa lalle a zo da shi. Wannan ma bai sa ya yi tunanin komai ba. Aka durƙusar da shi gaban Sarki, fadawa suka dafa kafaɗunsa, aka fara naɗa rawani. Sai da suka yi da gaske kafin ya zauna daidai, saboda kan a karkace yake. Rawani ya kusa kammala, Sarkin Fada ya ɗaga murya yadda na bayan katanga zai ji.

"Malam Badaru ɗan Malam Sada! Sarki ya gaishe ka! Sarki ya ce ka raya abin da ya mutu a gidan nan! Sarki ya ba ka Sarkin Gogen Kafin Marke! Allah ya taya ka riƙo!"

Kalangu ya tashi. Baƙin Kano, da ba su san dawan garin ba, suka miƙe suna tafi. Malam fa? Me zai ce? Ga rigar Sarki a jikinsa, ga rawanin Sarki a kansa, ga manyan ofishinsa na kallo. Wanda ya tuɓe rawani a gaban Sarki ya mayar, sai dai ya kwashe iyalinsa ya bar gari, kuma har jikokinsa ba za su daina jin zancen ba. Sai ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe."

Ya miƙe, ƙafafunsa suka ɗauke shi zuwa cikin zaure, wajen darduma. Wani bafade ya sa hannu ya tare shi cikin ladabi.

"Sarkin Goge, ba nan ba. Wurinku na waje."

Wurin nasu kuwa a bakin ƙofa yake, gefen da inuwa ba ta kaiwa. Can ya tarar da Sabo zaune kan buzu. Ashe gidan su Sabo ke riƙe da sarautar makaɗan fada tun kakanni, abin da Malam bai taɓa damuwa ya tambaya ba. Duk mai kiɗa a fadar nan a ƙarƙashinsa yake. Sabo ya matsa masa kaɗan, ba a kan buzun ba, a gefensa.

"Zauna nan, Sarkin Goge. A cire takalmi. Duk yammacin Alhamis muna nan, da ranakun salla, da duk sanda Sarki zai fita ko ya yi baƙi. In aikin ofis ya riƙe ka, ni za ka faɗa wa, ni zan nema maka izini. Kuma kada ka fara sai na ɗaga maka gira."

Bai gama haɗiye wannan ba aka sake yin tsit a ciki. Ashe naɗin ranar biyu ne. Muryar Sarkin Fada ta sake fitowa tar, har tana amsawa a bangon masallaci.

"Alhaji Maikuɗi! Sarki ya ce ka shayar da gari! Sarki ya ba ka Ɗan Masanin Kafin Marke!"

Ba a jima ba sabon Ɗan Masani ya fito da rawani kamar kwandon auduga, ya shige Marsandinsa. Baƙin Malam suka ji an ce shanun gidan Alhaji sun fi yawa, suka bi sahun masu rakiya ba kunya. Sabo ya saɓa kalangu ya miƙe.

"Tashi, Sarkin Goge. Al'ada ce mu raka sabon basarake har gida. Kai ne a gaba, da ƙafa."

Malam Karkatau ya buɗe baƙin akwati a tsakiyar rana, ƙasa na ƙona masa tafin ƙafa. Ya maƙale abin a haɓa, ya lumshe ido, ya ja siririn kiɗan ilimin nan nasa, ko ya tsira da ɗan abin da ya rage. Gilashin Marsandi ya sauka. Ɗan Masani ya leƙo da kai.

"Sarkin Goge, bar wannan mai kama da kukan yunwa. Fara daga mai daɗin. Kuma a sa sunana a ciki, da na mahaifina."

Sabo ya ɗaga gira. Malam kuwa ya fara daga mai daɗin.